Shekarar da Na Ƙi Goge Labarin Ja'e

Da sunan Allah nake farawa. 'Ya'yana, na san kun sha jin maganar nan a gidan biki da wajen zaman makoki, ana yin ta ƙasa-ƙasa in aka ga kun shigo: wai ubanku da tsufansa ya hau intanet ya tsaya wa Fulani, ya bar ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya yana kuka. Babu wanda ya taɓa tunkarata da ita a cikinku, kunya ta hana. To yau zan faɗa muku yadda aka yi tun ina da sauran ido da hankali, domin in na bar ta a bakin mutane gishiri za su yi ta ƙara mata har ku kasa gane ta.

Manyanku sun san aikina, ƙananan kuma sun tashi sun tarar na yi ritaya. Shekara talatin da ɗoriya ina malamin dabbobi a ƙasar Safana. Babur ɗina da akwatin allura a ɗaure a baya, babu rugar da ban shiga ba tsakanin Runka da Tsaskiya, babu turken da ban durƙusa a gabansa ba a gidajen manoma. Makiyaya suna ce mini Likita, ko da yake ban kai can a karatu ba. Da na ajiye aiki na koma ƙauyenmu da ke gefen Runka, na rungumi gonar mahaifinmu, gero da gyaɗa, ina cewa a nan za a ɗauki gawata. Damina uku kawai na samu. Daga nan daji ya lalace. Ba zan tsaya ba ku labarin abin da kuka gani da idonku ba. Ya ishe ku tuna ranar da muka loda kayanmu a a-kori-kura, Innarku ta rungume tukunyar da ta gada wajen uwarta, muka bar gero ya fara kai a gona, muka nufo Batsari muka kama ɗaki biyu a gidan haya.

A Batsari na zama wani mutum wanda ni kaina ba na so. Ba gona, ba turke, ba wanda zai yi sallama da sassafe ya ce akuyarsa ta ƙi cin abinci. In na dawo masallaci sai in shimfiɗa buzu a bakin ƙofa in zauna har rana ta kore ni. Abu kaɗan sai faɗa. Na yi wa Innarku tsawa a kan gishirin miya, matar da muka shekara arba'in ban taɓa ɗaga mata murya a gaban yara ba. Da aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya hau. Kuma na kamu da wata ɗabi'a, ina zaune ni kaɗai sai in riƙa magana, ina lissafa gonakin da ke kan hanyar ƙauyenmu da sunayen masu su, kamar mai karanta wa bango darasi.

Wata safiya Innarku ta ajiye mini kokon koko, ta ajiye littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro a gefensa. Ita ba ta yi boko ba, allo ta yi, amma ta fi ni sanin ciwona.

"Malam," ta ce, "bangon nan na mai gida ne, ba ya riƙe magana. Abin da kake gaya masa kullum, gaya wa wannan."

"Ni yanzu yaro ne da za a ba ni aikin gida?"

"Yaro dai ba ya faɗa da gishiri," ta ce, ta shige ɗaki.

Kwana biyu littafin yana nan ban taɓa shi ba. A rana ta uku, don dai in nuna mata ba abin da zai fito, na buɗe na rubuta hanyar da ake bi daga ƙofar gidanmu zuwa kasuwar Runka: rijiyar bakin gari, gonar wane, tsamiyar da mata ke sauke kaya su huta, kwazazzabon da ke cika da damina. Kafin in ɗago kai koko ya huce, na cika shafi uku. Washegari na sake. Daga nan ya zama ƙa'ida: in na dawo sallar asuba, kafin in sa komai a baki, sai na rubuta shafi ɗaya, ko da ba ni da abin faɗi. Akwai ranar da abin da na rubuta kaf shi ne ba ni da abin rubutawa kuma gwiwata tana ciwo. Amma na zauna na rubuta ɗin.

Abin da na fara lura da shi, rubutu ya tashe ni daga kan buzu. In na zo rubuta sunan wata fadama na ga ya ɓace mini, sai in kasa zama, in saka takalmi in tafi neman wani tsoho ɗan garinmu da shi ma ya yi gudun hijira, in tambaye shi. Tambaya ɗaya sai ta jawo hira har azahar. Ranar kasuwa na koma zuwa kara, ba don saye ko sayarwa ba, don dai in ga shanu in tuna abin da zan rubuta gobe. Ƙafata ta saki, abinci ya fara yi mini daɗi. Kuma damuwar da take cunkushe a ƙirjina kamar ƙullin tsumma, in na zuba ta a takarda sai in ga ashe abu uku ne ko huɗu, kowanne da sunansa, ba dodo ba ne.

Yayarku ta fari, wadda ba na kiran sunanta, ina ce mata Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, lokacin tana aikin jinya a nan Batsari. Ta zo gaishe mu wata Juma'a ta tarar da littafin, ta zauna ta karanta, na ga tana share ido da gefen mayafi.

"Baba, wannan ai ba naka ba ne kai kaɗai. Mutanen garinmu sun watse, wasu Katsina, wasu Kano, wasu har Legas. Bari in buɗe maka shafi a intanet, bulog ake ce masa, ka riƙa ɗorawa suna karantawa."

"Wa zai ɓata datarsa a kan surutun tsoho?"

"In ba wanda ya karanta ai ba ka yi asarar komai ba."

Ta buɗe, ta nuna mini inda ake dannawa. Na ci gaba da rubutawa a littafi da safe, in hantsi ya yi in kwafe a waya da yatsa ɗaya, tabarau a kan hanci. Da farko shafi ɗaya yana cin mini awa biyu. Sati na farko mutum huɗu suka karanta, uku daga ciki ku ne. Amma magana ta yi ta tafiya daga waya zuwa waya. Wata mata da aka aurar Legas tun ina saurayi ta rubuto ta ce na yi kuskure, rijiyar bakin gari kakanta ne ya haƙa ta, ba wanda na ambata ba, kuma da na bincika ita ke da gaskiya. Wasu 'yan'uwa biyu da gudu ya raba suka gano juna a ƙarƙashin wani rubutu da na yi a kan ranar sussukar gero. Sai kuma tambayoyi suka fara zuwa: tunkiyata tana zawo, sana ya rame yana cin ƙasa, kaska ta addabi garkena. Na ware ranar Talata don amsa su. Mutumin da ya ɗauka aikinsa ya ƙare a duniya, sai ga shi ana ce masa Likita daga garuruwan da bai taɓa takawa ba.

Amma akwai wani abu game da rubutun kullum da ba wanda ya gaya mini. Labarai masu daɗi ƙarewa suke. In ka yi wata bakwai kana ɗiban na sama, wata rana za ka zura hannu ka taɓo abin da ka tura can ƙasa don kada ka gan shi. Ni abin da na taɓo shi ne Ja'e.

Ja'e Bafulatani ne, rugarsu tana bayan ƙauyenmu tun zamanin kakanni. Sa'ana ne. Na fara saninsa a kan wata karsana da ciwon sammore ya kama, daga nan muka ƙulla. Shekarar da kwazazzabo ya kwashe ni da babur har ƙafata ta karye, shi ya tsamo ni, ya ɗora ni a kan takarkarinsa ya kawo ni gida cikin ruwan sama, yana tafe a ƙasa yana riƙe da ni. Duk haihuwar da Innarku ta yi, matarsa sai ta aiko da man shanu. In ya sauke shanunsa a gonarmu bayan girbi, ba a maganar ko kwabo tsakaninmu. Da ɓarayin daji suka fara ɓarna, garken Ja'e suka fara korewa, tun kafin su taɓa saniyar Bahaushe ko ɗaya a yankinmu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, amma a lokacin ba wanda ke da natsuwar tuna haka. Da kisa ya yi yawa, duk mai sanda da malfa ya zama abin zargi, duk wanda aka ga yana gaisawa da su kuma a ce shi ke kai rahoto daji.

Wata ranar kasuwa a Runka, ana cikin wannan hali, na hango Ja'e ya rame, ba sanda ma a hannunsa. Ya gan ni, fuskarsa ta washe, ya ɗago hannu ya ce, "Likita!" Mutane suna kallo. Na kawar da kai na shige rumfar masu goro kamar ban ji ba. Bayan sati biyu wasu matasa da fushi ya rufe wa ido suka cinna wa rugar wuta, mutanenta suka watse. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Wannan na rubuta, ban rage komai ba, har da rumfar goron. Kwana uku yana cikin littafi ina jujjuya shi. Na karanta wa Innarku, ta ce ba ta taɓa sanin abin da ya faru a kasuwar ba. A rana ta huɗu na ɗora.

Kafin la'asar wayata ta ɗauki zafi. Wasu sun yi addu'a, wasu sun ba da labarin nasu maƙwabtan. Amma da yawa zagi ne. Wani ya rubuta cewa dama an daɗe ana zargin malaman dabbobi da kai wa ɓarayi rahoto, su ne suka san hanyar kowace ruga. Wannan kalmar ita ta tayar wa Uwata hankali, ta baro wajen aiki da farin kayanta ta zo.

"Baba, don girman Allah ka sauke shi. Ka san abin da ake yi wa wanda aka laƙa wa sunan nan a ƙasar nan. Ni na buɗe maka shafin nan, in wani abu ya same ka ina zan sa kaina?"

Tana cikin magana muka ji sallamar Yaya Hamisu.

Ƙananan cikinku ba su san Yaya Hamisu kafin ya zama mai shiru ba. Shi ne babba a ɗakinmu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sayar da ɗan maraƙinsa aka kai ni makarantar koyon aikin dabbobi. Ɗansa Nura, wanda ya fi kowa kama da shi, a gona aka harbe shi yana huɗa, damina ta ƙarshe kafin mu taso, ya bar mata da goyo. Yaya ba ya karatun boko, wani ne ya karanta masa a majalisa, a gaban jama'a. Ya ƙi zama a kan tabarmar da Innarku ta shimfiɗa masa.

"Isuhu, abin da aka karanta mani, kai ka rubuta shi?"

"Ni ne, Yaya."

"To ka goge shi yanzu ina tsaye."

"Yaya, Ja'e bai kashe kowa ba. Shi ma korar shi aka yi. Kai ma ka sha nonon gidansa."

"Ban ce ya kashe kowa ba." Ya nuna ni da yatsa. "An ce mani wata bakwai kana wanga rubutu. Ka rubuta tsamiya. Ka rubuta rijiya. Ka rubuta zawon tumaki. Yau ka rubuta Bafulatani har kana neman gafararsa a gaban duniya. Ɗana fa, Isuhu? Nura bai kai tsamiya ba?"

Gaskiya ya faɗa. Ni na yi wa Nura huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, ni na shiga ramin na karɓi gawarsa, kuma wata bakwai ina kewaye sunansa kamar yadda ake kewaye rijiya marar murfi. Yaya ya jira, da ya ga ban ɗauki waya ba ya juya ya fita, ko sallama bai yi ba.

Washegari da asuba na zauna da littafi a gabana na kasa rubuta ko harafi. Innarku ta kawo koko ta zauna, abin da ba ta saba yi ba.

"Ke me kika gani?" na tambaye ta.

"Ni tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma tambaya ɗaya zan yi maka. Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu."

"To ka kawar da kai sau ɗaya a kasuwa, ka ga yadda ya zauna maka a rai. In ka goge, ka kawar sau biyu ke nan. Yaya kuma hannunka ne, ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Maganarsa daban, maganar Ja'e daban. Kowanne ka ba shi haƙƙinsa."

Ban goge ba. Ina so ku san abin da hakan ya ci mana, don kada wani ya ce muku jarumta na yi a sauƙaƙe. Mai unguwa ya kira ni, na je na karanta masa rubutun daga farko har ƙarshe a gaban dattawa huɗu. Ya ce shi bai ga laifi ba, amma in riƙa lura da inda nake zuwa. Wata biyu ban taka kara ba. Majalisar da nake zama bayan la'asar, in na iso sai hira ta mutu, har na daina zuwa. Uwata ta yi sati uku ba ta leƙo mu ba, ba don fushi ba, don in ta gan ni kuka take yi. Mafi ciwo, aka ɗaura auren ƙanwar Nura, 'yar da na yi wa wasa a cinyata, ba a aiko mini da goro ba. Na ji sanarwa a masallaci kamar baƙo. Innarku ta je ita kaɗai ta dawo, ban tambaye ta yadda aka yi ba.

A cikin waɗannan watanni rubutun safe shi ya riƙe ni. Na ci gaba da ɗora na Talata da sauran labarai, amma akwai wanda nake yi a wani littafi daban, wanda ban nuna wa kowa ba: labarin Nura. Yadda yake kuka in an hana shi bin shanun huɗa tun bai kai tsawon garma ba. Yadda ya taɓa kawo mini kaza da karyayyar ƙafa ya ce in ɗora ta, na ɗora kuwa. Dariyarsa da ake ji daga gona uku. Na yi kuka a kan littafin nan irin wanda ban yi a maƙabarta ba. Da na gama na ga ba ni da ikon ɗora shi, domin ɗan wani ne kafin ya zama ɗana. Na ba Innarku ta kai wa matar Yaya, na ce in sun so a karanta musu, in ba su so ba su sa a murhu. Wata ya wuce, wani ya bi, shiru.

Ana nan, wata ranar Talata da hantsi ina amsa tambayar wani a kan ciwon hanta, sai waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Na ɗauka na yi sallama. Aka amsa, aka jero gaisuwa, gida, iyali, gajiya, damina, da irin Hausar nan mai karyewa da na sani kamar muryar uwata.

"Likita, ba ka gane ni ba halan?"

Na zauna a dandaryar ƙasa. Ja'e ne. Yana can wata ƙasa mai nisa kudu da mu, yana yi wa wani mai kuɗi kiwo, shi da ya taɓa mallakar garken da ba a ganin ƙarshensa. Wani direban motar shanu ɗan Safana ne ya karanta musu rubutun a wajen lodi, ya ce wannan Ja'en ko kai ne? Shi ya nemo masa lambata.

Na fara cewa, "Ja'e, ranar nan a kasuwa..."

"Bari, Likita. Na gan ka, kai ma ka gan ni. Na yi fushi, ba ni yi maka ƙarya. Har na ce wa tsohuwa, matata, ashe ƙafar da na ɗauko a ruwa ita ta guje ni. Amma da aka karanta mani, na ce wanga mutum ya tsaya tsakiyar kasuwar da ta fi ta Runka girma ya amsa gaisuwata. Ta yi jinkiri, amma ta iso. Na yafe, duniya da lahira."

Muka yi ta jan hanci mu biyu kamar yara. Sai ya ce, tunda ya same ni, akwai wata saniya da ta kwana biyu ba ta tuƙa, mi zai ba ta? Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, na gaya masa. Har yau duk Juma'a muna waya. Da ya ji labarin Nura, wanda ya sani tun yana bin uwarsa sayen nono, ya roƙe ni lambar Yaya don ya yi masa ta'aziyya. Na ce ya dakata tukuna.

Sai da aka yi girbi aka kai amfani gida, kusan shekara da zuwansa na farko, sannan Yaya Hamisu ya sake taka ƙofarmu. Da sassafe ne, na dawo masallaci ke nan na buɗe littafi. Ya yi sallama, na miƙe na tarbe shi. Wannan karon ya zauna a kan tabarmar. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kowannenku da suna, Innarku ta kawo koko da ƙosai ta durƙusa ta gaishe shi ta koma. Sai ya zura hannu a aljihun babbar riga ya fito da littafin Nura. Bangonsa ya yi laushi, gefen shafukan ya yi baƙi saboda yawan juyawa.

"Matar Nura ke karanta mana," ya ce, yana kallon ƙasa. "Uwarsa ba ta gajiya da ji. An karanta ya fi a ƙirga."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Maganar Bafulataninka, har yanzu ban ce ka yi daidai ba. Kada ka ɗauka don na zo na sauka daga kanta."

"Na ji, Yaya."

"Amma akwai gyara a nan. Ka ce san huɗar da yake bi ja ne. Ba ja ba ne, fari ne mai baƙin kunne, jan na maƙwabci ne. Kuma ka bar abubuwa da yawa. Ba ka sa ranar da ya faɗa rumbu yana satar gyaɗa ba. Ba ka sa abin da ya ce mani da safen da zai tafi gonar ba, don ba ka nan." Ya turo mini littafin. "Ɗansa ya fara tambaya wane ne ubansa. Ni kuma na tsufa, abu yana zille mani. Ina so a rubuta duka, a sa a wayar taka, duk inda mutanenmu suke su san an yi wani yaro Nura."

Na ɗauki biro na jawo littafin. Yaya ya kurɓi koko, ya ajiye kokon, ya gyara zama ya share gemu.

"Rubuta," ya ce. "An haife shi ranar Laraba, ana tsakiyar ruwan shuka."